Kafin Ka Ranta Wa Gwamnati Kuɗin Girbinka, Dubi Lokaci

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana manoman rani da 'yan tireda da masu sarin shanshera na Kura da Bunkure da Garun Malam, har zuwa Kadawa da Kwanar Gafan, a kan wani zance da ya fara yawo a majalisunmu, wato zancen sayen takardar bashin gwamnati.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya muna zaune bayan sallar la'asar sai wani yaronmu da ke aiki a birni ya zo da labari a wayarsa, wai akwai takardar da gwamnati ke sayarwa wadda in ka zuba kuɗinka a ciki tsadar kaya ba za ta taɓa cin su ba. Nan take wani dattijo, yayana ne ma a unguwa, ya ce shi zai kai buhunan shansherarsa kasuwa gobe-gobe ya zuba kuɗin gaba ɗaya. Na ce masa, Yaya, tsaya tukuna, labarin nan ƙasashe biyu aka haɗa maka a ciki. Ganin cewa ba shi kaɗai wannan labari ya iske ba, shi ya sa na ce gara in faɗa a inda kowa zai ji.

Gaskiya ne akwai irin wannan takarda, amma a Amurka take. Gwamnatin can ta fara sayar wa talakawanta ita tun 1998. Yadda suka tsara ta, ribar kashi biyu ce: kashi ɗaya tsayayye, ɗayan kuma yana bin hauhawar farashi, in kaya sun yi tsada ya hau, in sun yi sauƙi ya sauka. Sau biyu a shekara ake sanar da sabon lissafi, ranar 1 ga Mayu da ranar 1 ga Nuwamba. Shi ya sa mutanen can suke ta dabarar lokacin saye. A 2022, da tsada ta matsa musu, ribar ta kai kashi 9.62 cikin ɗari, kuma a ƙarshen watan Oktoba na shekarar mutane suka yi ca suna saye kafin a sauya, domin wanda ya saya a lokacin zai ci wannan ribar har wata shida. Da Nuwamba ta shigo kuwa sai ta koma kashi 6.89. Ingila ma tana da takardun bashi masu bin farashi tun 1981.

Tamu ta Nijeriya ba haka take ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wanda ake kira DMO, ya fara sayar da takardar ajiya ta ƙananan masu kuɗi a watan Maris na 2017. Mafi ƙarancin abin da za ka saya naira 5,000 ne, daga nan sai ka riƙa ƙara dubu-dubu. Akwai ta shekara biyu, akwai ta shekara uku. Ana buɗe sayarwa a farkon wata, cikin kwana biyar na aiki a rufe, kuma ta hannun dillalan hannun jari da ofishin ya amince da su ake saye. Duk wata uku a biya ka ribarka, ranar da wa'adi ya cika a maido maka da uwar kuɗinka cif-cif. Kuɗinka ba za su ɓace ba, wannan kam haka ne. Amma ribar da aka yanka maka ranar saye ita ce taka har ƙarshe. Ko buhun taki ya ninka kuɗinsa sau biyu, ba wanda zai ƙara maka sisin kwabo.

Bari in ba da misali da lissafin da kowa zai iya yi a ƙasa da tsinke. A ƙarshen 2024 ribar wannan takarda tana wajen kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari. Mu ce ka zuba naira 100,000 a kan kashi 18. A shekara ka sami naira 18,000, wato 4,500 duk wata uku. Ga ido abin sha'awa. To amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Idan tsada ta tafi a kan wannan gudu, kayan da kake saye 100,000 sun koma 134,800, alhali kai abin da ke hannunka 118,000 ne. Ka ga an ba ka riba a takarda, a kasuwa kuwa giɓin naira 16,800 ka samu. Wanda ya saya a Disamba ta 2020 ya fi shiga uku, domin a watan ribar ba ta kai kashi 2 ba, farashi kuwa yana hawa da sama da kashi 15. Dattawanmu da suka ga 1995, lokacin da tsada ta haura kashi 70, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Na san abin da ke zuciyar mafi yawan masu karatu, domin shi ne a tawa: kuɗin ruwa. Mu nan kuɗin ruwan da muka sani na halas shi ne wanda ake biyan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are saboda ruwan Tiga da ke biyo kanal ya shigo mana gona. Wancan na banki kuwa kowa ya san abin da malamai suka ce a kansa, kuma takardar ajiyar nan ta wata-wata irin wancan ce. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai gwamnati ta fito da wata hanyar, wato Sukuk, a watan Satumba na 2017. A nan kuɗin jama'a ake tarawa a gina hanyoyi, gwamnati ta ɗauki hayar hanyoyin, ta riƙa biyan kuɗin haya duk wata shida, kuma kwamitin masana shari'a da ke ba Babban Banki shawara ya amince da tsarin. Da naira 10,000 ana shiga. Ni dai in zan saya, wannan zan saya. Amma ita ma hayarta tsayayya ce, ba ta bin tsada, kuma wa'adinta ya fi tsawo, shekara bakwai ko goma.

Tunda ribar ba ta motsi, ashe lokacin da ka shiga shi ne kusan komai. Dubi mutum biyu. Na farko ya sayi Sukuk ta 2020 a kan kashi 11.2 na shekara bakwai. Bayan shekara uku aka cire tallafin mai, aka saki naira, tsada ta haura kashi 30, shi kuwa yana nan ɗaure da kashi 11.2. Na biyu ya saya a watan Mayu na 2025 a kan kashi 19.75, kuma kafin shekarar ta ƙare lissafin hukuma ya nuna hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 20. (A tuna dai a farkon 2025 hukumar ta sake ma'aunin da take awo da shi, saboda haka wani ɓangare na saukar a takarda ne, uwargida a kasuwa ba lallai ta gan shi duka ba.) Takarda iri ɗaya, gwamnati ɗaya, amma ɗaya ya yi kuka ɗaya ya yi dariya. Abin da na fahimta shi ne, irin wannan takarda ana sayenta ne lokacin da riba take sama kuma tsada ta fara sassautawa. Lokacin da riba take ƙasa kuma ana jin ƙishin-ƙishin ƙarin kuɗin mai ko faɗuwar naira, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin ka sa hannu ka tambayi lamba biyu: nawa za a ba ni cikin ɗari, nawa kuma kaya suke hawa cikin ɗari? In ta biyu ta fi ta farko, ka san kana ajiya ne a tulu mai yoyo, sai dai yoyonsa bai kai na ƙarƙashin katifa ba.

To wannan lokacin gwamnati ke nan. Akwai kuma namu lokacin na manoma, wanda a ganina ya fi shi muhimmanci. Kuɗi suna shigo mana ne da kaka in an yanke shinkafar damina, sai kuma in tumatir ya nuna a watannin sanyi, sai bayan an cire alkama wajen Maris da Afrilu. Kowane ɗayansu kuma akwai noma na gaba da ke biye da shi a guje. Wanda ya kwashe kuɗin kaka ya ɗaure su shekara biyu, da me zai sayi yuriya da kamfa da iri da maganin feshi? Da me zai biya masu dashe? Ƙarshenta sai ya koma wajen mai ba da bashin taki a biya da buhu, wanda abin da zai karɓe ya ninka abin da gwamnati za ta ba shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ni kaina na sha wannan darasi, ko da yake ba ta hanyar takarda ba. A farkon 2023 na riƙe 'yan kuɗina na ce sai aiki ya matso zan sayi kayan noma. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ina da wata gona a bayan kanal wadda sai da inji ake ba ta ruwa, ga kuɗin mota, ga kuɗin casa, komai ya tashi tare. Maƙwabcina da ya sayi takinsa tun da wuri ya jibge a ɗaki, shi ne ya yi barci a wannan shekara. Tun daga nan na gane cewa ga manomi, buhun taki a ɗaki shi ne takardar da tsada ba ta ci. Shi za ka fara saye, sannan abincin gida na shekara, sannan ka ware na asibiti da na makarantar yara. Abin da ya yi saura bayan wannan, wanda ka tabbata ba za ka neme shi ba har shekara biyu ko fiye, shi ne na gwamnati.

Wani zai ce, to me ya kai ni, ba gara in saye shanshera in ɓoye ba? Shekara da shekaru wannan dabara tana ci, ban musa ba. Amma a tambayi waɗanda suka cika rumbuna da shaguna a kakar 2024 da tsada, suna jiran farashi ya ƙara hawa. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci, a 2025 farashin hatsi ya faɗo a Dawanau da sauran kasuwanni, da yawa uwar kuɗinsu ma ba ta fita ba. Ga ƙwari, ga ɓera, ga kuɗin ajiya. Saboda haka rumbu ma ba inshora ba ne. A irin wannan shekara wanda ya raba ƙafa, rabi a buhu rabi a takarda, shi ya fi kwanciyar hankali.

Masu tumatir kuma su ƙara lura. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Mai irin wannan sana'a dole ya bar kuɗi a kusa. An ce ana iya sayar da takardar a kasuwar hannun jari kafin wa'adi, haka ne, amma sai dillali ya samo mai saye, kuma a farashin da kasuwa ta ga dama. Sa'annan a yi hattara da masu yawo ƙauye-ƙauye da jaka suna cewa a ba su kuɗi a hannu za su saya wa mutum. Ba a sayen wannan abu a gindin bishiya. Sai da asusun banki da sunanka, ta hannun dillali ko bankin da DMO ta lissafa.

Daga ƙarshe ina kira ga DMO da Ministan Kuɗi da wakilanmu na majalisar tarayya. Na farko, a fito mana da Sukuk ta ƙananan masu ajiya, mai gajeren wa'adi, wadda hayarta za ta riƙa bin farashin kaya, in masana shari'a sun duba sun ga hanyar yin haka. In gwamnati ta yarda da maganarta cewa tsada za ta sauka, ai ba ta da abin tsoro. Na biyu, a tsayar mata da lokaci. An sayar a Satumba a 2017, a Disamba a 2018, a 2019 ba a yi ba, a 2023 sai Oktoba, a 2024 shiru, a 2025 kuma Mayu. Yaya manomi zai yi shiri da abin da bai san ranar zuwansa ba? A sa ta bayan kaka da kuma bayan girbin rani, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, a sanar a gidajen rediyo da Hausa wata guda kafin a buɗe, a kuma turo wakilai Kura da Bunkure ranar kasuwa, domin ba kowa ke iya barin ban-ruwa ya tafi Kano neman ofishin dillali ba.

Shi kuwa yayan nawa, mun rabu a kan zai fara sayen takinsa, ya bar buhu goma na ci, sauran kuma ya jira a buɗe Sukuk mu je tare mu ji nawa za a yanka.



Naku,
Wani manomin rani,
Kura, Jihar Kano.