Kejin da Ido Ba Ya Gani

Ran Asabar ɗin nan da ta wuce ina tsaye a Tina Junction, nan Jos, ina jiran mota, sai na hangi wani mai walda yana tsoma sandar tagulla cikin wani farin gari kafin ya kai ta bakin wuta. Na ce, "Malam, mene ne wannan?" Ya ce, "Boraks ne, Yallaɓai, shi ke sa liƙi ya kama. Abin da ke cikinsa kuwa, sai ku 'yan boko."

To, jama'a, abin da ke cikinsa shi ne boron, na biyar a jerin sinadarai, wanda aka fara ware shi a 1808. Boron matalauci ne. Kowace ƙwayar zarrarsa 'ya'yan lantarki uku kaɗai gare ta na ƙulla zumunci da maƙwabta. Da yake ba su isa kowa ya riƙe nasa ba, sai ƙwayoyi uku su yi tarayya a kan guda biyu, tamkar 'yan'uwa a kan akushi ɗaya. Bayyana wannan sirri ne ya sa aka ba William Lipscomb na Amurka kyautar Nobel a 1976.

Tarayyar nan ita ke sa ƙwayoyin su dunƙule kamar keji. Mafi shahara shi ne mai ƙwayoyin boron 12, kowace da haidurojin ɗaya a waje. Kusurwa 12 gare shi, da fuska 20, da gefe 30, kowace ƙwaya kuma maƙwabtanta biyar, babu babba babu yaro. In ka kama shi ta kusurwoyi biyu masu duban juna ka juya shi kashi ɗaya cikin biyar, sai ka rantse ba a taɓa shi ba. Masana a Ingila suka hango shi da lissafi a 1955, aka haɗa shi a Amurka a 1960. A 1971 Kenneth Wade ya fito da ƙa'idar gane siffofinsu: akwai rufaffen keji, in babu kusurwa ɗaya ya zama sheƙa, in babu biyu ya zama saƙar gizo.

Kada a ɗauka wasan masana ne. Irin kejin nan ne ke ba boron kabayid taurin da ake sulken soja da shi, kuma tun 1968 likitocin Japan suka jarraba wani irinsa wajen maganin dajin ƙwaƙwalwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dutsen tomalin da dillalai ke ciniki a Jos boron ne a cikinsa, amma ɗanyensa muke sayarwa, kamar yadda iyayenmu suka haƙa kuza aka kwashe, aka bar mana tafkuna. Ga Jami'ar Jos nan tun 1975. Mu tura 'ya'yanmu su karanci kimiyyar sinadarai, don wanda bai san abin da ke cikin hajarsa ba, mai saye ne zai yanka masa kuɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.