Zuwa ga Kanikawa: Kafin Ku Ce "Iska Ce"

'Yan uwana kanikawa, iyayen gida da yaran gareji,

 

Wata kalma ce da ta kama bakinmu ta sa na rubuto muku. Direba zai shigo ya ce birkinsa ya yi laushi, sai ya taka biyu ko uku kafin ya kama. Bai rufe baki ba an ce masa, "Iska ce." A kira yaro, a ɗauko sifana, "Famfa! Famfa! Riƙe!", a cika kofi da mai, a karɓi kuɗi. Sau da yawa kuwa iskar ce. Amma ta ina ta shiga? Layin birki a rufe yake ruf tun daga masta har tayoyi huɗu. In dai ba a kwance wani abu ba, iska ba ta da ƙofa sai inda mai ke fita, ko kuma kofi ya ƙafe masta ta zuƙo ta. Birki kuma ba ya shan mai. Man yakan ɗan sauka a kofi yayin da fad ke cinyewa, abin da ya wuce wannan yoyo ne. Wanda ya yi bilidin bai nemo yoyon ba, ya sallami mota da ciwonta.

Maigida, shiga motar da kanka, kada ka bar wa yaro wannan. Inji a kashe, taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, ka riƙe, sannan ka tada inji. Idan ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, busta lafiya take. Busta ma in ta mutu, tauri take kawowa, don haka a daina tura mai birki mai laushi Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen busta.

Sai ka dafe fedar da matsakaicin ƙarfi kamar na rabin minti. Idan tana nitsewa a hankali har ƙasa, babu ɗigo a ko'ina, mai a kofi bai ragu ba, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana kewaye su yana komawa baya. Ko galan guda ka ƙarar a bilidin ba za ta tashi ba. Idan kuwa man yana raguwa amma ƙasa a bushe, duba bayan masta inda ta haɗu da busta, domin can yakan tsiyaya ya taru ba a gani. A mota mai diram a baya, ɗaga robar da ke bakin silinda. In ka ga danshi, ka samo ɓarawon.

Akwai kuma fedar da ke yin nisa kafin ta kama, amma in ta kama da ƙarfinta. Ja birkin hannu ka sake takawa. In ta hau sama, takalman baya ne suka yi nisa da diram, saiti kawai suke so. In direba ya ce sai bayan ya sha kwana take yin haka, girgiza taya ka ji boris, saboda faifai in yana lilo yakan tura fistin baya. Tiyon roba shi ma ka kama shi da hannu wani ya taka; tsohon tiyo yakan kumbura ya shanye ƙarfin da ya kamata ya isa kalifa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne birkin da yake garau a gareji, sai a kan hanya ya ɓace. Man birki yana jan danshi daga iska, haka aka halicce shi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai akalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, DOT 4 kuma 230. Da zarar ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100 a cikinsa, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Yanzu ku ɗauki motar Sharon cike da fasinja da buhuna tana gangarowa Hawan Kibo daga Jos, direba ya ɗora ƙafa a kan birki bai saki ba. Zafi ya ratsa kalifa, man ya tafasa, tururi ya cika layi, feda ta tafi ƙasa fayau. In Allah ya tsare suka sauka, birki ya huce ya dawo, direba ya zo yana ba ka labari, kai kuma ka taka ka ji lafiya ka ce babu komai. Akwai komai. A zubar da man nan gaba ɗaya a sa sabo. Kamfanonin mota da yawa cewa suke a canza shi duk shekara biyu, mu kuwa akwai motar da tun da ta sauka daga jirgin ruwa ba a taɓa nata ba. Robar man da aka buɗe ta kwana watanni a kan teburi ita ma ta riga ta sha danshi.

Batun ruwan omo kuwa, wallahi abin kunya ne a ce har yau ana zuba shi a kofin birki. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa da yake haifarwa cikin masta da fayif. Man inji da man giya suna kumbura robobi su lalata layin baki ɗaya. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da 3 ko 4. Haka nan a daina daddatse fayif da guduma don toshe tayar da ke yoyo. Mota mai birki a taya uku fizga take yi gefe ranar da aka taka da gaggawa.

Bilidin ɗin kansa muna masa garaje. Sabuwar masta a fitar mata da iska a kan benci kafin a ɗaura. Kada kofi ya ƙafe ana cikin aiki. A tsohuwar mota a sa katako ƙarƙashin feda, domin in yaro ya danna ta har ƙasa, robar masta za ta bi ta inda ba ta saba bi ba, wurin da tsatsa ta taru, ta yage, a yi gyaran gangar Abzinawa. An saba farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma wasu motocin da nasu tsarin, a bincika. Kalifar da aka sayo ta Beljiyam a tabbata ba a juya ta dama zuwa hagu ba: notin bilidin a sama yake zama, don iska sama take hawa. Iskar da ta maƙale cikin na'urar ABS kuma, a motoci da dama sai an haɗa kwamfuta ta buɗe bawul-bawul ɗin. In ba ka da ita, tura aikin wurin mai ita, ba zai rage maka daraja ba.

Na san uzurin da za ku kawo: mai mota ya ce ba kuɗi, a lallaɓa masa zuwa ƙarshen wata. A lallaɓa salansa, a lallaɓa gilashin ƙofa, ban da birki. Ku nuna masa ɓarnar da idonsa, ku faɗa masa farashi, in ya ƙi ku ce ba za ku sa hannu ba. Ina roƙonku, kada makulli ya koma hannun direba sai maigida da kansa ya fita da motar ya taka birki a kan titi, ya dawo ya sake leƙa kowace taya.

Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a sana'a