Kada Mataccen Batir Ya Shiga Jujin Taki

'Yan'uwa manoma, lokacin kai taki gona ya kusa, muna so mu yi magana a kan abin da ke cikin jujinmu. A dā juji toka ne da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Yanzu kuwa in mutum ya sa cebur sai ya tono mataccen batir, da fasasshiyar tocila, da guntun wayar hannu. Masu sayen sharar birni domin lambu, kamar a kewayen Kano da Jos, sun fi kowa ganin wannan.

Daga ina kayan nan suke fitowa? Ana ƙera yawancinsu a Asiya, waɗansu kuma kwance ne daga Turai da Amurka, suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwanni har su iso ƙauye. Suna da araha, amma ba su daɗewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ba mu ce waya da fitilar sola ba su da amfani ba. Da waya muke jin farashin hatsi, da fitila yara suke karatu da dare. Amma in sun mutu ba su ruɓewa kamar kara. Babban batir na babur ko na sola cike yake da dalma da ruwan asid. Gilashin tsohon talabijin ma akwai dalma a ciki. Robar wayar wuta da ake ƙonawa domin a ciro jan ƙarfe, hayaƙinta guba ne. Dalma kuwa in ta shiga ƙasa ta zauna ke nan, tana bin ƙura da ruwa zuwa bakin yara. Saniyar da ta lashi fasasshen batir takan makance ko ta mutu.

Kada mu manta da Zamfara. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalma.

Saboda haka shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, a keɓe duro mai murfi a inuwa, nesa da rijiya, inda kowa zai kawo mataccen batir da waya. Kada a fasa, kada a ƙone, kada a bar yara su yi wasa da su. Babban batir a mayar wa mai shago a lokacin sayen sabo. A tsince shara kafin a watsa ta a gona. In kuma za mu sayi fitila da kuɗin ƙungiya, mu zaɓi wadda ake iya gyarawa, ko da ta fi tsada.

Gonar nan gadonta muka yi, 'ya'yanmu kuma za su gāda. Mu bar musu ita da tsabta.