Filin Mata: Wayar Hannu a Bakin Iyaka

Yau zancenmu a kan wayar nan ce ta hannu, babba, wadda a ke shafawa da yatsa. Kusan kowane gida yanzu akwai Tecno ko Itel ko Infinix, amma da yawa daga cikinmu mun iya kira da sauraron saƙon murya kaɗai. In ta yi gardama sai mu miƙa wa yaro ya gyara, ko mu ce aljanu ne.

Bari in fara da abin da ya same ni, ko da ya ke da kunya. Kwanan baya na sa katin Naira 2,000, na tashi daga nan Geza na tafi suna gidan innata, can kusa da iyaka. Wayar tana cikin jaka wuni zubur, ban kira kowa ba. Da na komo gida da dare na duba, ko kwabo babu. Sai na kama ƙanena da faɗa, na ce shi ya ƙarar mini da kuɗi wajen kallon ƙwallo. Yaro ya yi ta rantsuwa har da hawaye, ban saurara ba. Sai da gari ya waye na ga wani saƙo da ya shigo tun jiya da hantsi, ana yi mini maraba da zuwa ƙasar Benin. Ni kuwa ko taki ɗaya ban ƙetare ba! Dole na je na ba yaro haƙuri.

Ga dalili. Sabis ba ya sanin iyaka, ba ruwansa da kwastan. Waya kullum neman ƙarfen sabis ta ke yi, in na gida ya yi rauni sai ta kama wanda ta samu. Mu mutanen ƙasar Bagudo, musamman na wajen Tsamiya da Lolo, ƙarafunan Benin ba su da nisa da mu. Da zarar wayarki ta kama ɗaya, kamfaninki zai ɗauka kin yi tafiya ƙasar waje, sai ya riƙa cirar kuɗi da farashin baƙo. Data ta fi kome tsada a wannan hali, kuma sau da yawa ko amsa kira kika yi sai an cire. Ni data na bari a buɗe, hotunan suna kuwa suna ta shigowa da kansu.

Alamar ba ta da wuyar ganewa. Ki dubi saman wayar inda sandunan sabis su ke. In kin ga harafin R ya fito, ko kuwa sunan kamfanin ya sake ya zama Moov ko Celtiis, to kin zama baƙuwa kina zaune a tsakar gidanku. MTN ma akwai na Benin, kada sunan ya ruɗe ki. Maganin abu biyu ne, duka a cikin saitin waya, wurin layuka. Da fari ki kashe abin da aka rubuta Data roaming, watau data ta yawon ƙasashe. Sa'an nan ki nemi wurin zaɓen kamfani, ki cire shi daga zaɓen kai da kai, ki zaɓi kamfaninki na gida da hannunki. Daga nan ba za ta ƙara tsallakawa ba. Aibinsa ɗaya: in na gida ya ɗauke, sai ki zauna ba sabis sam. A ganina gara haka da asara. Wadda kuwa ta ke yawan zuwa Segbana cin kasuwa ko ziyara, ta sayi layin can ta sa a rami na biyu, tun da ya ke wayoyinmu yawanci layi biyu su ke ɗauka.

Tun da mun taɓo Benin, akwai wata magana. Wata baiwar Allah ta ce mini 'yarta da ke aure can ta yanke zumunci, ta yi ta kira lambar ba ta shiga. Ba yanke zumunci ba ne. Tun ran 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin suka ƙaru daga 8 zuwa 10, an ƙara 01 a gaba. Saboda haka sai ki buga +229, sa'an nan 01, kana tsohuwar lambar. Ki zauna ki gyara duk waɗanda kika ajiye.

To, sai batun caji, wanda ya fi damuna. Inda wuta ba ta zama, dole mu aika da waya wurin mai caji, sau da yawa ma a hannun yaro. Ba na zargin masu wannan sana'a, galibinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma fa waya talatin a kan tebur ɗaya, kowa na shiga yana fita, wa zai tsare miki taki? 'Yar'uwa, ki tuna abin da ke cikinta: hotunanki ba lulluɓi, hirarki da maigida, da layin da bankinki ya sani. Wanda ya sami wannan layi ya kama hanyar asusunki. Kafin ki aika, ki kashe wayar, ki zare layin da memori ki ƙulle a bakin zane. Waya tana cin caji ko ba layi a ciki, har ma ta fi saurin cika in tana kashe. Ki sa mata makulli na lamba, amma ba 1234 ba, ba kuma shekarar haihuwarki ba. Ki buga *#06#, wata doguwar lamba mai 15 za ta fito, ita ce shaidar wayarki. Ki rubuta ta cikin littafi ki ajiye, ran da aka sace za a tambaye ki ita.

Zafi shi ne babban abokin gābar batir. Da bazara, watan Maris da Afrilu, kada ki bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko ƙarƙashin matashin kai tana caji. In kin ga bayanta ya kumbura kamar fanke, ki daina amfani da ita nan take, a kai wa mai gyara ya sake batir, don irin wannan yakan kama wuta. Caja mai arha ƙwarai ita ma ba riba ba ce. Da hunturu kuwa in caji ya ƙi shiga, kafin ki sayi sabuwar caja ki leƙa ramin, yawanci ƙura ce ta toshe shi. Ki kashe wayar, ki sa tsinken itace a hankali, ban da allura.

In ta faɗa ruwa wajen wanki, kada ki kunna don ki ga ko tana aiki, kada kuma ki sa caji. Ki kashe, ki zare layi, ki goge, ki ajiye ta inda iska ke kaɗawa cikin inuwa kwana biyu. Na san za a ce miki ki binne ta cikin shinkafa. Mu Kabawa Allah ya ba mu shinkafa, amma a bar ta ta yi tuwo; ba ta fi iska busarwa ba, garinta ma shiga ramuka ya ke yi.

Masu kukan kuɗi na zurarewa ko ba su je iyaka ba, ku saurara. A watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, don haka kowace naira sai a lura da ita. Tun 2023 lambobin dubawa ɗaya ne a kowane layi: *310# don ganin sauran kuɗi, *323# don sauran data, *305# kuwa don tsai da waɗansu abubuwan da a ke cire miki kuɗi a kansu, irin su waƙar kira, wataƙila ba ki ma san kin shiga ba. Saƙonnin talla in sun ishe ki, ki rubuta STOP ki aika 2442. A cikin WhatsApp ki hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Zauren biki guda ɗaya ya isa ya cinye data ya kuma cika waya har ta riƙa tsayawa.

Saura gargaɗi. Wani zai kira ki da ladabi, har ya ambaci sunanki, ya ce an sa ki cikin masu tallafi ko taron ƙungiya, ki karanto masa lamba shida da ta shigo wayarki yanzu. Kada ki karanta. Wannan lamba ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinki. In ya samu sai ya kore ki, ya shiga roƙon kuɗi wurin danginki da sunanki, ya ce kina asibiti. Haka nan lambar sirri ta katin banki, ba ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ki ita ta waya. Ku kuma 'yan makaranta, ɗalibaina na gaya musu, ku ma ina gaya muku: hoton da ya bar wayarki ba ya dawowa, ko da wanda kika aika wa ya rantse zai goge.

Wadda ta gwada gyaran nan na zaɓen kamfani ta kasa gano wurin, ta rubuto mini ta faɗi irin wayarta, domin na Itel da na Infinix ba wuri ɗaya su ke ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.