Fagen Kimiyya: a riƙe linzami kafin sukuwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana maimaita aiki guda sau ɗari ya san gajiyar da ke cikin haka. Domin sauƙaƙe wannan wahala ne masu aiki da tsarin Unix da Linux suke rubuta jerin umurni cikin takarda guda, su miƙa ma na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar da ke karɓar umurnin ana ce mata shell, ita ce tafinta tsakanin mutum da na'ura.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix a ɗakunan bincike na Bell. A 1979 shell ɗin Stephen Bourne ta fito, wadda har yau ake bin tsarinta, sa'annan a 1989 Brian Fox ya fitar da Bash, wadda ita ce mafi yawan masu koyo ke tararwa cikin Linux.

Babban makamin mai rubuta umurni shi ne kewaye, wato a ce ma na'ura ta yi ta maimaita aiki. Kewaye iri uku ne aka fi sani. Na farko, for, yana bin jerin abubuwa ɗaya ɗaya har su ƙare. Na biyu, while, yana ta juyawa muddin wani sharaɗi yana tsaye. Na uku, until, yana juyawa har ran da sharaɗin ya cika. A ɗauki misalin magatakardan makaranta mai fayil 300, kowane da sunayen ɗaliban aji guda. In yana son sanin yawan layukan kowane fayil, wannan ya ishe shi:

for f in *.txt; do wc -l "$f"; done

Harafin f ma'aji ne, kowane juyi yana ɗaukar sunan fayil guda ya miƙa ma wc, wadda aikinta ƙidaya. Aikin da zai ci wuni sai ya ƙare kafin a shanye kofin shayi.

Ita wc guda ce cikin ƙananan kayan aikin yau da kullum. Akwai grep mai neman kalma cikin fayil, da sort mai jera layuka, da uniq mai fidda layin da ya maimaitu kusa da ɗan'uwansa, da cp mai kwafa, da find mai farautar fayiloli, da rm mai shafewa. Kowace aiki guda ta iya, amma tun 1973, bisa shawarar Douglas McIlroy, ana iya haɗa su da tsayayyen layi, abin da wannan ta fitar ya shiga bakin waccan.

To amma a nan ne hatsarin yake. Kewaye ba ya gajiya, ba ya tambaya. Saurin da yake yi wajen aikin kirki, shi yake yi wajen ɓarna, kuma rm ba ta da kwandon shara da za a koma a tono abin da aka jefa. Saboda haka wanda ya koyi tayar da kewaye bai koyi tsayar da shi ba, ya hau doki ne ba linzami.

Linzamin kalmomi biyu ne, continue da break. Kowane umurni in ya gama yana barin lamba: sifiri in an yi nasara, wata lamba dabam in an samu cikas. Da wannan lamba ake yanke hukunci. Ita continue tana tsallake abin da ke hannu ta wuce zuwa na gaba. In magatakarda ya sa [ -s "$f" ] || continue a farkon kewayensa, duk fayil ɗin da babu komi cikinsa za a bar shi a ci gaba. Ita kuwa break tana kashe kewayen gaba ɗaya. Mai kwafar fayiloli zuwa wani faifai, in ya rubuta cp "$f" /ajiya || break, da zarar faifan ya cika aikin zai tsaya, maimakon a yi ta zuba ruwa cikin tulun da ya cika. In kewaye na cikin wani kewaye, break 2 tana fitar da mutum daga duka biyun.

Haka kuma kewayen jira yana bukatar iyaka. Inda layin intanet ke yawan yankewa, ana sa until ta yi ta gwadawa, tare da sleep 60 domin a huta minti guda tsakanin gwaji da gwaji. Amma mai hankali yakan ƙara ƙidaya, bayan gwaji goma break ta rufe ƙofa. In an manta, sai Ctrl da C su yi ceto, in akwai mutum kusa.

Kada a ɗauka ƴan koyo kaɗai ke faɗawa rami. A watan Disamba na 2021 Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan ta yi asarar wajen terabait 77 na bayanai, kimanin fayil miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14. Takardar umurnin da ta jawo haka an rubuta ta ne domin find ta shafe tsofaffin fayilolin rahoto da suka wuce kwana 10. Sai kamfanin HPE, mai kula da na'urar, ya sauya takardar tana cikin aiki. Bash kuwa tana karanta takarda ne sannu sannu tana zartarwa, sai ta ci karo da ma'ajin da ba a saka ma komi ba, find ta bar dosiyen rahoto ta faɗa babban rumbun. Kamfanin ya amsa laifinsa, amma wani sashe na aikin masu binciken bai dawo ba.

Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa ma nasa ruwa. Ruwan kuwa ba shi da tsada. A sa set -u a kan takarda, domin aiki ya tsaya da zarar an kira ma'ajin da ba a san da shi ba. A rufe kowane ma'aji cikin alamar zance, don kada sunan fayil mai rata a tsakiya ya rabu biyu. Kafin a saki rm cikin kewaye, a sa echo gabanta, na'ura ta nuna abin da za ta shafe ba tare da ta taɓa shi ba. A yi gwajin farko cikin dosiyen da ba a damu da shi ba, kuma kada a taɓa takardar da ke cikin aiki. Wanda ya kiyaye waɗannan, zai iya barin kewayensa yana aiki cikin dare ya je ya yi barcinsa.