A Kai Wasan Nan Tsakar Gida

Masu cewa wasan kwaikwayo mai waƙa kan yadda mace za ta kare kanta baƙon abu ne, ina jin sun manta da amada. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana kiɗan ƙwarya a gidajen biki, tana zuga mata su kama sana'a su daina jiran hannun miji. To wannan ba kare kai ba ne?

Waɗanda aka bari a baya su ne 'yan talla. A ƙauyukan Dambatta da Bichi gona na manne da gona, kafin girbi kuwa dawa ta fi tsayin mutum. Ta nan yarinya ke ratsawa da farantinta ita kaɗai. Mun koya mata kunya, ba mu koya mata ihu ba.

Da za a ji tawa, kada a kai wasan ɗakin taro a birni. A yi shi tsakar gida ranar suna, mata zalla, 'yanmata su kwaikwayi fizge hannu, da kurma ihu, da rugawa a gaya wa inna.