Keso Ba Ya Rabuwa Uku

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan lamba guda ɗaya tak, wato 20,000. Dalili kuwa shi ne na gaji da jin 'yan ajinmu suna cewa lissafi dodo ne, wai kuma Turawa ne suka kawo mana shi.

Kakata a nan Kafin Hausa ba ta cewa dubu ashirin, sai dai zambar ashirin. Ita ta gaya mini cewa zamanin da ake ciniki da wuri, in kuɗi suka kai haka sai a ɗura su a jakar tabarma, a kira ta keso. Masu ƙirga kuwa biyar-biyar suke jan wurin da yatsu, suna tarawa tsibi-tsibi.

To, ita wannan lamba halinta ya dace da irin wannan ƙirga. Raba ta da 2 har sau biyar, za ka sami 625. Raba 625 da 5 har sau huɗu, sai ka dawo 1. Ke nan babu kome a cikinta sai 2 da 5, kuma lambobi 30 ne cif suke raba ta ba saura.

Amma fa ba ta rabuwa uku. Bara yayyena su uku sun sayar da kifi a Haɗeja naira 20,000, suka yi ta raba kuɗin ba su tashi daidai ba, har kowa ya fara zargin ɗan'uwansa. Da sun tara 2 da sifiri huɗu, da sun ga jimla 2 ce, wadda 3 ba ta shiga cikinta, da ba a ɓata ba.

Abin ya fi nauyi a rabon gado. Sumunin keso 2,500 ne daidai, amma sulusi da sudusi ba su fita. Shi ya sa in sumuni ya haɗu da sudusi, malamanmu sukan kasa dukiya kashi 24. Ashe wannan ba lissafi ba ne? Ko a 1732 wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Kashnawi, ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Don haka a ganina malaman lissafi su riƙa kawo mana misali da keso da rabon gado, iyaye kuma su riƙa sa mu lissafa kuɗin shinkafar fadama in an sayar, maimakon a kore mu wai maganar manya ce.

Wanda yake ganin ya gwane, ya ƙara 11 a kan keso, ya sami 20,011, ya nemo mini abin da zai raba ta ban da 1 da ita kanta. Ni dai na kwana biyu ina nema, sannan malaminmu ya yi dariya ya ce babu.